Kawu Mai Sauraron Kayan Wuta

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, tsakar gidansa na nan Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, ta cika har bakin rijiya, wasu matan sai a matakalar bene suka sami wurin zama.

Ina zaune kusa da Umma, ƙanwarsa, wadda ta haife ni. Ba ta ɗaga murya ba. Duk wadda ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Da godiya," idonta a kan tabarma. Wadda ta fasa mana kukan wata Bayarabiya ce mai sayar da ƙanƙara a hanyar Mokola, Iya muke ce mata. Tun daga zaure ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi, tana cewa, "Baba mi o! Wa zai ƙara yi mini faɗa?" Aka riƙe ta aka zaunar, aka ce ta yi masa addu'a, shi ya fi. Ladanin masallacin layinmu ya tsaya a bakin ƙofa zai yi wa mata gaisuwa, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam," sai ya juya ya fita bai ƙarasa ba. Har wani ɗan kasuwar Shasha na jiyo ta taga yana gaya wa maigidana cewa sau biyu Kawu yana korarsa daga shago, amma bai taɓa ganin mutumin da ya tsaya kan gaskiyarsa kamarsa ba.

Kowa ya zo da labarinsa ya sauke. Ni ce kawai na kasa faɗin nawa, alhali ni ce wadda yake kira Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Shi ya sa nake rubutawa. Ba na son 'ya'yana su girma su ɗauka wani tsoho ne kawai mai gyaran rediyo.

A Sabo aka haife shi. Kakanmu fataucin goro yake yi, ya so ɗansa ya gaje shi, amma hankalin Kawu yana kan wayoyin wuta. Yana saurayi ya tafi Legas, ya sami aiki a wani kamfanin haɗa rediyo da talabijin. Teburinsa shi ne na ƙarshe kafin a sa kaya a kwali. Aikinsa ya gwada, in ya ce a'a, kayan nan ba ya fita. Yakan ba mu labarin wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da ƙarfe, ko tashar rediyo ɗaya ba ta shiga ciki, a nan ake kunna kaya a auna irin hayaniyar da yake watsawa a iska, wadda kunne ba ya ji amma sauran na'urori suna ji. Da kamfanin ya rufe, ya dawo gida ya buɗe ɗan shago. Sai dai har ya bar duniya bai daina ɗaukar kansa mai teburin ƙarshe ba.

Tambaya uku yake yi wa kowane kayan wuta. "Zai ja mutum? Zai dami kayan da ke kusa da shi? In na kusa da shi ya dame shi, zai rikice?" Ya ce in kaya ya faɗi ko ɗaya daga ciki, to ba a gama ƙera shi ba, gaggawar sayarwa aka yi.

Yana da wata 'yar baƙar rediyo mai batir, an ɗaure murfinta da roba, kullum tana aljihun rigarsa. Ba labarai yake ji da ita ba. Yakan murɗa ta zuwa tsakanin tasha da tasha, inda babu komai sai ɗan shuu, sannan ya kusantar da ita jikin abin da aka kunna, ya karkata kai ya lumshe ido. In shuu ɗin bai canza ba, sai ya gyaɗa kai. In ta ɓarke da ƙugi, sai ya ce, "Kun ji shi? Ba shi da tarbiyya." Ƙwan fitila, caja, fanka, duk abin da aka sayo sabo a danginmu sai an kai masa ya saurara. Muna yara dariya muke yi, mu ce Kawu yana duba kayan wuta kamar likita.

Ya tsani ganin an cire ƙafar filogi ta uku. Ya tsani a cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana. In ya shiga gida ya gani, gaisuwa ma tsayawa take yi sai ya gyara. Matarsa, Inna, takan ce ita ta daina zuwa biki da shi, don yana iya barin kowa a zaune ya shiga bayan firij ɗin masu gida.

Abin da ya sa ladan ya kasa magana, kowa a layinmu ya sani. Wata shekara aka sayo sabuwar na'urar lasifika a masallaci, aka ja doguwar wayar makirufo tun daga mumbari har bayan ɗakin ajiya. Ranar Juma'a liman ya yi shiru tsakanin huɗuba biyu, sai ga kiɗan wata tashar Yarbawa yana fitowa daga lasifika, ƙasa-ƙasa amma sarai. Mu da ke cikin gida ma mun ji. Wasu suka ce aikin makiya ne, wasu suka ce ladan ne ya manta rediyonsa a kunne, har aka fara maganar a sauke shi. Kawu ya tashi bayan sallah ya ce, "Ku bar bawan Allahn nan. Wayarku ce ta zama eriya." Ya kwana biyu yana aikin. Ya sauya wayar da mai rufi a ciki, ya rage tsawonta, ya raba hanyarta da ta wayar wuta. Kiɗa ya ɗauke. Ladan ya ci gaba da kiran sallarsa, yau shekara goma sha wani abu ke nan.

Iya mai ƙanƙara kuwa, firizarta ce take jan ta. Duk sanda ta taɓa murfin da jiƙaƙƙen hannu sai ta ji zirr har kafaɗa. Ta saba, har ta koyi buɗewa da tsumma. Kawu ya tsaya sayen ruwan sanyi, ya ga tsumman, ya tambaya. Ta ce, "Ba komai Baba, haka yake yi, small small ne." Ya ce, "Ƙaramin ne yau, don kina da takalmin roba. Jikarki da ke yawo ba takalmi fa?" Nan take ya zare filogin, ya kwance shi daga wayar ya sa a aljihu. Ta bi shi har shago tana faɗa da Yarbanci, yana ba ta amsa da Yarbancin da ya fi nata zafi. Da yamma ya dawo da kayan aikinsa, ya gano inda wayar ciki ta goge tana taɓa jikin ƙarfe, ya sauya ta, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa mata wayar ƙasa. Ta kawo abin hannu, ya ce ta ba shi ruwan sanyin da ya zo saya tun farko.

To, ni ma na san duk wannan. A gabana aka yi. Amma da abin ya zo kaina, sai na zama kamar ban taɓa saninsa ba.

Ina 'yar sana'ata a cikin gida kamar yawancin matan Sabo: turare, mayafai, man shafawa. Bara wata ƙawata ta ce in gwada cajar waya, tana tafiya sosai. Aka kawo mini kwali ɗaya daga Legas, farare tas, masu kyan gani, ga araha. Cikin mako guda mata suka fara aiko yara. Ban kai wa Kawu ba. Na san abin da ya sa ban kai ba.

Ranar wata Asabar da safe ya zo duba mu, ya ga kwalin a gefen kujera.

"Uwata, miƙo ɗaya in gani."

Na miƙa ina murmushi. "Da tambarinta, Kawu. Duba, har biyu."

"Tambari ai tawada ce, kowa yana iya bugawa. Wa ya gwada ta? Ina takardar gwajin?"

Ya jona ta a bango ya haɗa da wayarsa, ya fito da 'yar rediyon. Tun bai kai ta kusa ba ta ɓarke da wani ƙugi kamar injin markaɗe. Ya kashe, ya zare cajar, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle ta gida biyu. Ya kira ni bakin ƙofa inda haske yake.

"Nan wutar bango take shigowa, mai kashe mutum. Nan kuma wadda za ta bi igiya ta shiga wayar da za ki kara a kunne. Dubi abin da ya raba su. Ko ƙwayar shinkafa ba za ta kwanta a wurin ba. Danshin damina ya shiga, shi ke nan, sun haɗu." Ya nuna mini wasu ramuka a jikin allon. "Nan kuma an zana wurin abin da zai tare hayaniya, ba a sa ba. An cire don a rage kuɗi. Nawa kika sayar?"

"Goma sha ɗaya."

"Wa da wa?"

Na kau da kai.

"Uwata, wa da wa?"

Na ce, "Kawu, duk Ibadan irinsu ake sayarwa. Ni kaɗai ce za ka hana?"

"Ke kaɗai ce tawa."

Da nan na tsaya, da yau ina da sauƙi. Amma na buɗe baki na ce, "Shekara nawa kana wannan tsantsenin? Me ya tsinana maka? Shago ɗaya, fanka ɗaya. Ka bar mu mu ma mu nema."

Ya tattara guntayen cajar ya zuba a aljihu, ya nemi takalminsa. A bakin zaure ya juyo ya ce, "Ki gaida maigidan." Ya tafi.

Washegari ya fara bin gidaje. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, ga ciwon gwiwa. Ya yi sallama a zaure, ya nemi maigida, ya ce a tambayi matan gida ko sun sayi farar caja a wurin 'yar ƙanwarsa. Duk wadda ta kawo, sai ya ba ta mai kyau daga shagonsa ya karɓi tawa. Bai zage ni a ko'ina ba, an gaya mini cewa yake yi, "Ita ma ba ta sani ba." Amma Sabo ba ta da faɗi. Kafin mako ya zagayo, magana ta koma cewa ina sayar da abin kashe mutane, kawuna ne ma ya tona. Har masu sayen turare suka ja baya. Na shiga gidan suna, mata suka yi shiru.

Ya samo goma. Ta goma sha ɗaya wata baƙuwa ce ta saya, 'yar'uwar abokin kasuwancin maigidana, ta biyo ta gidanmu ta huta kafin ta je tashar Ojoo ta hau motar Funtuwa. Maƙwabciyata ce ta gaya masa an yi haka, amma ba ta san matar ba. Kawu ya aiko Umma ta tambaye ni lambar wayarta. Na ce ba ni da ita. Tana cikin wayata.

Maigidana ya fitar da sauran kwalin daga gidan, ya ce kada ya ƙara gani. Amma na ɓoye ɗaya, na ci gaba da cajin wayata da ita, don kawai in nuna wa kaina cewa tsohon ya cika tsanani. Na lura in tana jone wayar takan danna kanta, in taɓa nan ta buɗe can. Na ce wayar ce ta tsufa.

Na daina zuwa gaishe shi ranar Juma'a, abin da ban taɓa fasawa ba tun ina amarya. Da Sallah na je gidan daidai lokacin da na san yana shago. Inna ta dube ni ta ce, "Jiya ya sa na ajiye miki ƙafar rago, ya ce ke kike so." Na karɓa na yi godiya na fito. Wata biyar muka yi a haka. In ya hango ni a kan okada yakan ɗaga hannu, ni kuma in gyara mayafi kamar ban gani ba.

Sai damina ta kankama. Wata rana da rana, an ɗauke ruwa ke nan, babbar 'yata ta gama wanke-wanke ta shigo ɗaki ba takalmi, hannunta a jiƙe. Wayata ta yi ƙara tana jone a bango, na ce ta ɗauko mini. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Na ga jikinta ya ƙage, sannan ta faɗi baya, wayar ta fizge daga igiya. Allah ya sa faɗuwar ce ta raba su. Yatsunta biyu suka ƙone, ta yini tana rawar jiki, ta ce mini, "Mama, kamar an buge ni da taɓarya a ƙirji." A asibiti aka duba ta aka ce ta auna arziki.

Na jefa cajar a masai. Na roƙi maigidana kada ya gaya wa kowa. Fushina ya tafi a ranar, amma kunya ta maye gurbinsa, ita kuma ta fi fushin nauyi. Kullum in ce gobe zan je in durƙusa a gabansa. Kuma in faɗi gaskiya, matar Funtuwa ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. 'Yata da kaina kawai nake tunani.

Mako biyu bayan haka Kawu ya faɗi a shago. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Na je asibiti da 'yar tawa. Yana kwance ya rame, an cire masa hula, ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Na durƙusa a gefen gado na ce, "Kawu, ni ce. Ka yafe mini." Ya juyo da ido a hankali. Bai tsaya a kaina ba, sai a kan hannun yarinyar, inda fatar yatsun ta yi fari tana warkewa. Ya daɗe yana kallo. Babu wanda ya gaya masa komai, amma na ga ya gane. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ɗaya.

Ya motsa baki. Na matso da kunnena.

"Saura... ɗaya."

Ban fahimta ba sai da Inna ta ja ni waje. Ta ce, "Kin san duk Lahadi sai ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi Ojoo? Ya bi direbobin Funtuwa ɗaya bayan ɗaya, yana kwatanta matar da bai taɓa gani ba. Har sun san shi, suna ba shi benci. Ya ba su caja mai kyau su riƙe, wai ko Allah zai sa a dace. Na ce masa Malam ka haƙura, ya ce in wani abu ya sami matar nan, Uwata za a tambaya ranar gobe ƙiyama, shi kuma ba zai iya ganin haka ba."

Na fito da waya, na nemo lambar da na ce ba ni da ita, na kira. A kashe. Na sake kira. A kashe. Na sa maigidana ya nemi abokin nasa, aka ce ya tafi sayen hatsi wani ƙauye, shi ma ba a samunsa. Kwana huɗu ina kira safe da yamma. Kowane kira in ji zuciyata tana raya mini abin da ya sa wayar take kashe. Kullum in na shiga wurin Kawu sai ya dube ni, in ce, "Ana nema, Kawu, an kusa." Sai ya lumshe ido. Ranar Litinin ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce "Uwata" sarai, kamar harshen bai taɓa ciwo ba. Ban sani ba ko yafewar ke nan. Inna ta ce bai taɓa riƙe ni a zuciya ba balle ya yafe. Amma na so in ji da bakinsa. Washegari da hantsi ya cika.

Kwana tara da rasuwarsa, baƙi sun watse, ina shara a tsakar gida, wayata ta yi ƙara. Lambar ce. Na ɗauka. Muryar mace, lafiyayya, har da dariyarta. Ta ce wayarta ce ta faɗa ruwa, sai jiya ta sami wata ta mayar da layin, aka gaya mata ina ta nemanta, lafiya dai?

Na ce, "Hajiya, cajar nan da kika saya a wurina, farar nan. Tana ina?"

"Wace? Au, waccan! Ai ko mako ba ta yi ba. Ta yi wani ɗan ƙara ta yi wari, na zare na jefar. Na ce in na dawo Ibadan sai na yi miki tsiya."

"Ba ta taɓa kowa ba?"

"Ko kaɗan. Me ya faru ne? Kuka kike yi?"

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na yar da tsintsiya, na shiga ɗaki na ɗauko mayafi, na zura takalmi, har na kai zaure da sauri. Maigidana yana shigowa, ya ce, "Ina zuwa haka?"

Na buɗe baki zan ce wurin Kawu.

A nan zauren na zauna a ƙasa, da mayafina a hannu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata maka kabarinka, ya sa ka huta. An sami ta goma sha ɗayan. Ba ta taɓa kowa ba.